Masaukin haɗaka: wane kamfani zan zaɓa, kuma me zan bincika kafin in biya?

Maman Sadiq

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani lamari da ya tsaya mini a rai kusan mako biyu ke nan. Ina da shafi da aka gina mini da WordPress, inda nake wallafa darussa da maƙalu tare da hotuna masu yawa, sannan akwai akwatunan imel guda huɗu masu ɗauke da sunan shafin. Wa'adin masaukin da nake kai, wato kamfanin da ke ajiye mini shafin a intanet, zai ƙare nan da kwana 40, kuma da takardar sabuntawa ta iso sai na tarar kuɗin ya kusa ninka abin da na biya da farko har sau uku, ga shi kuma shafin yana yawan nauyi da yamma. Shi ya sa na yanke shawarar tashi.

Na tsaya a kan kamfanoni uku, dukansu masaukin haɗaka suke sayarwa, wato irin wanda shafuka da yawa ke zaune a kan saba guda, babbar kwamfutar da ke ajiye su. Na farko ya ce komai nasa ba iyaka, daga wurin ajiya har yawan maziyarta, kuma shi ne mafi araha idan na biya shekara uku a dunƙule. Na biyu ya ba da gigabait 20 kacal, ya rubuta sauran iyakokinsa filla-filla, amma ya fi tsada. Na uku yana tsakiyarsu a kuɗi, yana tutiya da manhajar saba ta LiteSpeed da faifan ajiya mai sauri na NVMe da alƙawarin cewa sabarsa za ta kasance a kunne kashi 99.9 cikin ɗari. Zuciyata ta karkata ga na farko, sai dai ina tsoron in maimaita kuskuren da na yi a baya.

Baban Khadija

Wa alaikumus salam, Maman Sadiq. Kafin ki biya komai, ki fara tsayawa a kan kalmar nan ta “ba iyaka”, domin babu faifan ajiyar da ba shi da ƙarshe, kuma babu sabar da ƙarfinta ba ya ƙarewa. Masaukin haɗaka tamkar gidan haya ne mai ɗakuna ɗaruruwa da tankin ruwa ɗaya. Mai gidan yana iya cewa kowa ya ɗebi ruwa iya son ransa, amma idan ya matse famfon kowane ɗaki har ruwan ya koma ɗiga, to bai yi ƙarya ba, ke kuma ba ki amfana da alƙawarinsa ba.

Kamfanoni da yawa suna yin wannan matsi ne da CloudLinux, wanda ke killace kowane asusu, ya yanka masa rabonsa na ƙarfin furosesa da RAM da saurin karatu da rubutu a faifai, da kuma adadin buƙatun PHP, wato harshen da WordPress ke aiki da shi, da za su iya gudana a lokaci guda. Idan maziyarta suka taru suka cika wannan adadi na ƙarshe, wanda ya zo daga baya zai ci karo da kuskure mai lamba 508 a maimakon darasinki. Idan kuwa rabon furosesa ne ya ƙare, shafin ba ya faɗuwa, jan ƙafa kawai yake yi, kuma ina kyautata zaton abin da ke samunki da yamma ke nan.

Akwai kuma iyakar da ta fi kowace ɓuya, wato inod. Kowane fayil da kowace folda inod ɗaya ne, komai ƙanƙantarsa. WordPress yana yanka kowane hoton da kika ɗora zuwa girma daban-daban, saboda haka hoto ɗaya kan zama fayil biyar ko fiye, kuma a yawancin sabobi kowane saƙon imel da ke kwance a akwati shi ma fayil ne mai zaman kansa. Mutum yana iya cika iyakar inod alhali bai ci rabin gigabait ɗin da aka ba shi ba. Ki shiga cPanel ɗinki na yanzu, wato allon da kike sarrafa asusunki da shi, ki duba jerin ƙididdigar da ke gefen dama, za ki ga layin da ke nuna yawan fayiloli da wanda ke nuna wurin da kika ci. Ki rubuta waɗannan lambobi biyu a takarda, domin da su za ki auna kamfanonin nan uku. A wurina, kamfanin da ya rubuta iyakarsa a fili ya fi wanda ya binne ta a shafi na goma na sharuɗɗan amfani.

Yayan Fati

Ni ta fuskar lissafi zan shigo. Hajiya, kuɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaban shafin kamfani na wa'adin farko ne kawai, kuma ke kanki shaida ce. A ce na farko yana karɓar kashi ɗaya a wata na tsawon wata 36, sannan ya koma kashi uku a wa'adi na biyu. A cikin shekara shida kin biya kashi 144, wanda ke nufin kashi biyu a kowane wata. Idan na biyu yana karɓar kashi biyu tun daga farko ba tare da ƙari ba, to kuɗinsu ɗaya ne, bambancin kawai shi ne na farkon ya ɗaure ki shekara uku kafin ki san halinsa. Ki duba kuma abubuwan da ake cusawa a kwandon biya ba tare da kin nema ba, kamar kwafin ajiya da tsaro da ɓoye bayanan mai sunan shafi, domin wasu kamfanoni suna haɗa su kyauta, wasu kuma kowanne da kuɗinsa. Takardar tsaro ta SSL musamman, wadda ke ɓoye bayanan da ke tafiya tsakanin shafi da maziyarci, bai kamata ki biya mata komai ba a shafi irin naki. Let's Encrypt yana bayar da ita kyauta, wa'adinta kwana 90 ne, kuma masauki nagari yana sabunta ta da kansa ba tare da kin taɓa komai ba. Tun watan Yuli na 2018 Chrome yake yi wa shafin da ba shi da ita alamar rashin tsaro, saboda haka ba abin ado ba ce da za a sayar miki daban.

Ɗalibin Kwamfuta

Ina neman afuwar manya, amma ina ganin an ɗan matsa wa kamfani na farko. Irin waɗannan manyan kamfanoni su ne ke zuwa a sama a kusan duk jerin “masaukai goma mafi kyau” da na karanta, kuma da a ce ba su da kyau ai da ba a yaba musu haka ba. Sannan idan haɗakar ce matsala, me zai hana Hajiya ta kama VPS kawai, wato yankin saba da aka keɓe mata ita kaɗai, ta huta da maƙwabta?

Baban Khadija

Ƙanina, tambayarka tana kan hanya, kuma ba na cewa babban kamfani mugu ne. Abin da ya kamata ka sani shi ne mafi yawan waɗancan jerin suna rayuwa ne da la'ada: duk wanda ya bi mahaɗarsu ya saya, mai jerin yana samun kasonsa, kuma kamfanonin masauki suna cikin masu biyan la'ada mai tsoka. Wannan bai mai da duk abin da aka rubuta ƙarya ba, amma ya isa ya sa ka tambayi kanka ko an jera su ne bisa inganci ko bisa girman la'ada. Bayan haka, sunaye da yawa da kake gani kamar abokan hamayya gida ɗaya suka fito. Bluehost da HostGator, alal misali, duk sun kasance ƙarƙashin Endurance International Group ne, wanda aka haɗe shi da Web.com a 2021 aka samar da Newfold Digital. Wanda ya tashi daga ɗaya ya koma ɗaya yana zaton ya canza mai gida, alhali ɗaki kawai ya canza.

Maganar VPS kuwa, ban ba Maman Sadiq shawararsa ba. Wanda ba kamfani ke kula da shi ba, kai ne za ka sabunta manhajar sabar, ka toshe ƙofofin kutse, ka saita imel, ka kuma tashi da tsakar dare idan rumbun bayanai ya tsaya. Mai son koyo irinka zai amfana da shi ƙwarai. Wadda aikinta rubuta darasi ne, haɗaka mai kyau ta fi mata kwanciyar hankali.

Dattijon Zaure

Na karanta duk abin da aka faɗa, kuma na yarda da shi, amma akwai abin da ya fi duka muhimmanci a wurina wanda ba a taɓo ba tukuna. 'Yata, ranar da za ki shiga kamfani, ki fara duba ƙofar fita.

Shekaru da suka wuce na riƙe shafin wata ƙungiya a wani masauki da ya rubuta cewa yana ɗaukar kwafin ajiya kullum. Wata safiya muka sabunta wani fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi, shafin ya koma fari fat, babu rubutu ko ɗaya. Ban damu ba, domin na san akwai kwafi. Da na rubuta musu sai aka ce maido da kwafi yana da kuɗinsa daban, na biya, sannan bayan kwana biyu aka sanar da ni cewa asusunmu ya wuce wani adadin fayiloli tun watanni da suka gabata, kuma duk asusun da ya wuce wannan adadi ana cire shi daga jerin waɗanda ake yi wa kwafi. Sharaɗin yana nan a rubuce, ni ne ban karanta ba. Abin da ya cece mu shi ne wani tsohon kwafi da na taɓa saukewa a kwamfutata, amma rubutun wata huɗu ya tafi, kuma har yau ina jin zafin sanar da marubutan cewa aikinsu ba zai dawo ba.

Ko kamfanin da ke cika alƙawari ma bai fi ƙarfin tsautsayi ba. A ranar 10 ga Maris, 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen cibiyar sabobin OVHcloud da ke birnin Strasbourg a Faransa, kuma akwai masu shafuka da suka rasa bayanansu ɗungurungum saboda kwafinsu yana zaune ne a harabar da ta ƙone. Don haka ki tambayi kowane kamfani sau nawa yake ɗaukar kwafi, kwana nawa yake riƙe shi, a ina yake ajiye shi, kuma ko za ki iya maido da shi da kanki ba tare da kin jira kowa ba. Ko sun ba ki amsa mai daɗi, ki ajiye naki kwafin a wani wuri da ba nasu ba, ki kuma gwada maido da shi ko sau ɗaya ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu shi ne sunan shafin. Idan kamfani ya ce zai ba ki suna kyauta na shekara ɗaya, ki tabbatar da sunanki da imel ɗinki aka yi rajistarsa, kuma kina iya samun lambar sirrin da ake mayar da shi wani wuri da ita. Ni dai na fi son in yi rajistar suna a wani kamfani, masauki kuma a wani, ta yadda idan muka saɓa da mai masauki, minti biyar ya ishe ni in juya sunan zuwa sabuwar saba. Ki tuna kuma a ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen shafuka a duniya, suna irin mai ƙarewa da .com ba a iya mayar da shi wani kamfanin rajista a cikin kwana 60 na farko bayan an yi rajistarsa ko bayan an mayar da shi.

Maman Sadiq

Allah Ya saka da alheri, Baba. Na duba kamar yadda Baban Khadija ya ce: wurin da na ci bai kai gigabait 7 ba, amma fayilolina sun haura 90,000, kuma na lura kusan rabinsu tsofaffin saƙonnin imel ne. Ashe gigabait 20 ma ya ishe ni har da rara. Sunan shafin kuwa, alhamdu lillahi, da sunana yake. Yanzu ina son a yi mini bayanin kamfani na uku, shin 99.9 ɗin nan da LiteSpeed abin dogaro ne ko kuwa ado ne na talla?

Baban Khadija

Kashi 99.9 yana nufin an yarda shafinki ya kasance a kashe kimanin minti 43 a wata, ko kusan awa tara a shekara. Kashi 99 kuwa ya haura awa bakwai a wata, saboda haka wannan tara ɗaya da ke bayan ɗigo ba ƙaramin bambanci ba ne. Sai dai ki karanta abin da ake ba ki idan an saɓa alƙawarin. Yawanci ragin kuɗi ne kaɗan a asusunki, sai kin nema da kanki, kuma lokacin gyaran da aka sanar tun da wuri ba ya shiga lissafi. Shafin da ke buɗewa bayan daƙiƙa goma sha biyar ma a wurinsu a kunne yake. Gani ya kori ji: ki ɗora UptimeRobot a kan shafin, zai riƙa leƙa shi kowane minti biyar kyauta, ya aiko miki da saƙo duk lokacin da ya faɗi.

LiteSpeed kuwa ba ado ba ne. Idan aka haɗa shi da fulogin ɗinsa na WordPress, yana ajiye shafin da aka riga aka harhaɗa, ya miƙa wa maziyarci kai tsaye ba tare da an tayar da PHP ko an taɓa rumbun bayanai ba, wanda ke nufin rabonki na furosesa zai daɗe bai cika ba. Ga shafin darussa da jama'a ke karantawa kawai, wannan babban sauƙi ne. Amma sauran manhajojin saba irin su Nginx ko Apache da aka saita da kyau su ma suna yin wannan aiki, kuma saba mai LiteSpeed da aka cusa wa asusu fiye da ƙima za ta yi nauyi duk da sunan. Haka NVMe: faifan yana da sauri, amma idan an yanka miki saurin karatu kaɗan, ba za ki ga saurin ba.

Ki tambaye su kuma a ina sabar take. Haske a cikin igiyar intanet yana tafiya kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka sabar da ke nisan kilomita 5,000 daga mai karatu tana cin aƙalla milisakan 50 a kowace tafiya da dawowa, kuma buɗe shafi mai tsaro a karon farko yana buƙatar irin wannan kai da komo kusan sau uku kafin harafin farko ya iso. Ki zaɓi wurin da ya fi kusa da yawancin masu karatunki. Idan a warwatse suke, Cloudflare yana da tsarin kyauta da ke ajiye hotunanki kusa da su.

Maman Iman

Yaya, tunda kin ce rabin fayilolinki imel ne, bari in ƙara wannan. A masaukin haɗaka, saƙonninki sau da yawa suna fita ne ta adireshin IP ɗaya da na maƙwabtanki. Idan aka yi wa ɗayansu kutse aka riƙa watsa saƙonnin banza daga asusunsa, adireshin yana iya shiga jerin adiresoshin da ake toshewa, irin na Spamhaus, sai ki ga saƙonki yana faɗawa kwandon shara a wurin mutanen da ba ki yi wa laifin komai ba. Tun watan Fabrairu na 2024 Gmail ya wajabta wa duk mai aiko masa da saƙo ya kasance yana da SPF ko DKIM, wato saitunan da ke tabbatar da cewa saƙon daga gare shi ya fito, masu aika saƙo 5,000 a rana kuma sai sun haɗa biyun har da na uku mai suna DMARC. Ki tabbatar kamfanin yana saita waɗannan, ki kuma tambayi saƙo nawa aka yarda ki aika a awa guda. Idan imel ɗin yana da muhimmanci a aikinki, raba shi da masauki ya fi, domin ranar da shafi ya faɗi ba za ki rasa hanyar magana da jama'a ba.

Yayan Fati

Ina jin tsoron kada mu tsorata Hajiya da yawan sharuɗɗa. Gaskiya ita ce shafi mai gigabait 7 zai zauna lafiya a yawancin masaukai masu mutunci, kuma babu kamfanin da zai ci duk waɗannan jarrabawa. Ni abin da ba na sassautawa a kansa biyu ne: kuɗin sabuntawa, da kada a biya shekara uku ga wanda ba a gwada ba.

Dattijon Zaure

Ka yi gaskiya a rabi, Malam. Ba sai kamfani ya ci duka ba, amma yadda yake amsa tambayoyin shi kansa jarrabawa ce. Wanda ya kasa gaya wa mai shirin ba shi kuɗi iyakar inod ɗinsa, me zai gaya masa bayan kuɗin ya shiga? Ta rubuta wa duka ukun tambayoyi iri ɗaya, da dare ko a ƙarshen mako, ta ga wanda zai amsa da lamba da wanda zai amsa da talla. Ta haɗa da tambayar wace sigar PHP suke bayarwa, domin PHP 7.4 ya daina samun gyaran tsaro tun Nuwamban 2022, kuma masaukin da har yanzu shi ne mafi sabo a wurinsa ba ya kula da gidansa. Ta tambayi kuma wane allon sarrafawa suke amfani da shi. Tun da cPanel ya koma karɓar kuɗi bisa yawan asusu a 2019, kamfanoni da dama sun koma DirectAdmin ko sun ƙera nasu. Wannan ba aibi ba ne, amma daga cPanel zuwa cPanel ana kwashe asusu gaba ɗaya har da imel a fayil guda, zuwa wani allon kuwa aikin ya fi yawa, sai ta ji ko su za su yi mata.

Maman Sadiq

Na dawo da sakamako. Na aika wa ukun tambayoyi iri ɗaya a daren Asabar. Na biyu ya amsa kafin awa ɗaya, ya ba ni lambar inod da ta ninka abin da nake da shi fiye da sau biyu, ya ce kwafi kullum ne, ana riƙe shi kwana 14 a wata cibiya daban, ina iya maido da shi da kaina, kuma kuɗin sabuntawa shi ne kuɗin shiga. Na uku ya amsa da safe, amsoshinsa ma sun yi kyau, sai dai kwafinsa na mako-mako ne kuma kuɗin sabuntawarsa ya ɗara na biyun. Na farko sai ranar Litinin ya amsa, kuma a kan inod cewa ya yi in duba sharuɗɗan amfani. Na duba, na tarar iyakarsa ta fi ta na biyun ƙanƙanta.

Na biya na biyu shekara ɗaya, kuma suna da sharaɗin mayar da kuɗi a cikin kwana 30. Su ma cPanel suke amfani da shi, sun ce za su kwashe mini asusun kyauta. Me zan kiyaye a ranar tashi?

Baban Khadija

Madalla. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ki rage TTL na bayanan DNS ɗinki, wato tsawon lokacin da ake riƙe bayanin sabar da sunan shafinki ke nunawa, zuwa daƙiƙa 300, domin idan kin juya sunan duniya ta gane sabon wurin da sauri. Ki share tsofaffin saƙonnin da ba kya buƙata kafin a kwashe, ki sauke cikakken kwafi a kwamfutarki, sannan ki nemi su ba ki hanyar ganin shafin a sabuwar saba kafin a juya sunan, ki buɗe darussa da hotuna da fom ɗin tuntuɓa ɗaya bayan ɗaya. Bayan an juya, ki duba SSL ya kama, ki aika wa kanki saƙo daga kowane akwati zuwa Gmail ki ga inda ya sauka. Kada ki rufe tsohon asusun sai bayan mako guda, saboda wasu saƙonni za su ci gaba da faɗawa can na ɗan lokaci, kuma ki kashe sabuntawa ta atomatik a tsohon kamfanin tun yau don kada a cire miki kuɗi.

Maman Sadiq

Na kashe sabuntawar yanzun nan, na kuma rage TTL ɗin. Saƙonni kusan 30,000 na share, kwafin yana sauka a kwamfutata. Mun tsayar da daren Alhamis don kwashewa, in sha Allahu, kuma na riga na ɗora UptimeRobot domin in ga yadda sabuwar sabar za ta kasance da yamma kafin kwana 30 ɗin su cika.